Dajin da Fatake Suka Ɗauko: Daga Karofin Kano Zuwa Zangon Kwatano

Babu ɗan Arewar da bai san dagi ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ƙullin nan mai kama da igiyar da aka sarƙe, ba a gane farkonta balle ƙarshenta, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauka ya zama alamarta, yau kuma ake manna shi a ƙofar fada da katin biki da bangon littafi. Abin da ya shige wa da yawa daga cikinmu duhu shi ne ma'anar kalmar ta asali. Dagi tafin ƙafar zaki ne, ko na damisa, ko na kyanwa. Wato wani maɗinki ne ko magini, a wani zamani da ba wanda ya rubuta, ya dubi sawun naman daji a kan rairayi, ya dubi ƙullin da hannunsa ya fitar, ya ga sun yi kama, sai ya raɗa masa suna. Zaki ya kusa ƙarewa a dazuzzukanmu, amma sunan ƙafarsa na nan a ƙirjin riga.

In mai karatu ya bi sana'o'in hannu na Bahaushe ɗaya bayan ɗaya, zai tarar kusan dukansu haka suke. Daga daji aka samo kayan aikin, daga daji aka samo launin, sau da yawa ma daga daji aka aro sunan. Abin da nake so mu duba shi ne yadda wannan daji ya shiga mangalar jakunan fatake ya gangara kudu har bakin teku, har Zangon Kwatano da yankin Seme-Poji na Jamhuriyar Benin, da kuma abin da ya same shi da ya isa can.

Mu fara da rini, tunda shi ya fi fitar da sunan Kano. Baba wani ɗan tsiro ne da ake shukawa a gefen gona, ganyensa kore ne shar, ba abin da zai nuna maka akwai shuɗi a cikinsa. Sai an yanke shi an sarrafa, an zuba a ramin karofi wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum, an haɗa da toka da katsi, an bar shi kwana da kwanaki ana motsawa har ya nuna. Marini ba ya duba agogo. Da wari da kumfar da ta taso yake gane ramin ya yi. Abin mamaki kuma, in aka tsoma farin ƙyalle aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a ɗago, a tsoma, a ɗago, har ya kai baƙi. Daga nan sai mabuga su karɓa, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu suna ƙara shuni, har ƙyallen ya riƙa walƙiya kamar bayan buzuzu. Wannan shi ne kore da turkuɗi da Buzaye ke saye da tsada, wanda garin Kura ya yi fice a kansa. Masu marinar Ƙofar Mata suna kai tarihin ramukansu ga shekarar 1498. Shi kuwa Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga birnin a shekara a kan wuri miliyan 300, ya kuma ce wannan mafi ƙarancin ƙiyasi ne.

Ko lakar da ta kwanta a gindin ramin ba ta tafiya banza. Ita ce katsi. A ƙona ta a mayar cikin sabon rini, ko magina su haɗa ta da gashin da aka kankare a majema da yauƙin dafara su yi laso, wanda ake shafe soro da shi, har da ramin karofin kansa. Sana'a ɗaya tana cin sauran wata.

Jima kuwa ta jar akuya ce da bagaruwa. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi fatarta laushi gare ta da ƙarfi, shi ya sa tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya a tashoshin Arewacin Afirka su yi bangon littattafai masu tsada, suna kiranta fatar Maroko, alhali a gindin bagaruwar ƙasar Hausa aka jeme ta. Majemi yana jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, ya kankare, ya sa ta a ruwan fataka ta yi laushi, sannan ta kwana a ruwan dakakkun 'ya'yan bagaruwa, wanda shi ke hana ta ruɓewa. Launi ma ba daga kanti yake zuwa ba. Ja daga karan dafi, wata irin dawa da ba a shuka ta don ci. Rawaya daga gangamau ko saiwar rawaya. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Da waɗannan launuka baduku ke yin zabira da kube da linzami da gafakar Alƙur'ani da takalma.

Haka abin yake a sauran wurare, ba sai na ja zance ba. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi siliki ne na wata tsutsa da ke saƙa gidanta a jikin itace, har ta ci sunan itacen. Faifai da tabarma daga kaba, wato ganyen goruba. Azarar soro daga giginya, wadda gara ba ta ci. Makubar da ake yaɓe katanga daga ɓawon ɗorawa. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani aka yi masa zayyana, allonsa yawanci aduwa ce, alƙalaminsa gamba, tawadarsa gawayi da ƙaro. Likitan nan J. M. Dalziel da ya tara sunayen tsirran ƙasar Hausa ya buga a 1916, in ka karanta abin da ya tara da idon basira, rabinsa jerin kayan aikin masu sana'a ne.

Sai dai inda zancen ya fi daɗi a wurina shi ne sunaye. Akwai saƙi, shuɗin ƙyalle mai ɗigo-ɗigon fari, wanda duk wanda ya gan shi zabuwa zai tuna. Barth da kansa ya kira irin wannan riga rigar zabuwa, Yarabawa kuma har yau da sunan zabuwa suke kiran nasu, wato etu. Akwai rigar giwa, saboda girmanta. Akwai hular nan mai kunnuwa biyu da Bahaushe ya kira haɓar kada, Bayarabe ya dubi abu guda ya ce a'a, kunnen kare ne. Ƙahonnin da ke kan kusurwar soro zankwaye ne, an aro daga zankon tsuntsu. Bakan da ke riƙe rufin ɗaki, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bakan gizo ne, sunan abin da ke fitowa a sama bayan ruwa. A duk waɗannan, ba inda aka zana zabuwa ko kada ko tsuntsu. Bahaushe ya ɗauki sunan ya bar surar. Ya tace dabbar har ta koma layi da kusurwa da da'ira, sannan ya bar mai kallo ya nemo ta da kansa.

An saba cewa addini ne ya jawo haka, tunda malamai ba sa son surar abu mai rai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Masu zanen ƙwarya ba su daina ƙona ƙadangare da tsuntsu a jikin duma ba, magina a Zariya kuma da zamani ya zo har keke da jirgin sama suka fitar a jikin bango. Ni a ganina ɗabi'ar harshen ce ta bi hannun. Mutanen da suka saba da habaici da zaurance da karin magana, waɗanda ke ganin faɗin abu ƙiri-ƙiri rashin iya magana ne, ba abin mamaki ba ne allurarsu ma ta yi habaici.

To yaya wannan duka ya kai teku?

Goro ne ya ja shi. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, daga kurmin Asante ake kawo mafi yawansa, kasuwarsa kuwa Salga ce a ƙasar Gwanja. Don haka duk rani ayari ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jega, ƙarƙashin madugu da jagaba, mafi yawansu Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu. Babban yanki na wannan hanya yau cikin arewacin Benin yake: Nikki, da Faraku, da Jugu. A waɗannan garuruwa unguwannin baƙi suka kafu, harshen Dandi da Hausa suka zama harsunan kasuwa. Hugh Clapperton, wanda ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825 ya nufo arewa, ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, mutum fiye da dubu da dabbobinsu, suna dawowa daga Gwanja. Abin da suke kaiwa kudu shi ne kanwa da turkuɗi da riguna da kayan dukanci da gabu da dabbobi. Da bayi kuma, kada mu ɓoye. Hanyar da ta ɗauki rigar giwa ita ta ɗauki mutanen da aka sayar, wasunsu ma masaƙa ne da marina, waɗanda hannunsu ya je inda ba su yi niyya ba.

Daga wannan babbar hanya rassa suka gangara kudu. Richard Lander ya tarar da malamai Hausawa zaune a Badagiri a 1830, Badagiri kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a ƙafa daga inda iyakar Seme take a yau. Turawan da suka ziyarci fadar Abome ta sarakunan Dahome a tsakiyar ƙarni na 19 su ma sun ambaci malamai Musulmi da ke yi wa sarki addu'a da layu. Laya kuwa ba ta cika sai baduku ya ɗinke ta. Ina jin in za a nemi ƙofar da dukancin Bahaushe ya fara shiga gidajen mutanen kudu, to ita ce wannan 'yar jar fata mai kusurwa huɗu da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a damtse.

A Abome ne hanyoyi biyu na kallon daji suka yi gaba da gaba. Fadar tana da nata maɗinka, zuri'o'i na musamman, masu yanka ƙyallaye kala-kala su ɗinka a kan wani ƙyallen, su fitar da tutoci da laimomi da labulen bango. Kowane sarki da dabbarsa. Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ɓauna ce alamarsa. Ɗansa Glele zaki. Behanzin, wanda ya yi yaƙi da Faransa, babban kifin nan na teku mai cin mutane. A can ana zana dabbar baro-baro, da haƙoranta da farcenta, domin wanda bai iya karatu ba ya gani ya ji tsoro. Ka ɗauki zakin Glele ka ajiye kusa da dagin da ke jikin rigar bafatake. Dabba ɗaya ce. Wancan ya kawo ta gaba ɗaya, wannan ya kawo sawunta kawai, shi ma a sarƙe. Ban ce wani ya fi wani ba, ko da yake na san inda zuciyata ta karkata.

Kwatano kanta ba tsohon gari ba ce. Ƙaramar tasha ce a bakin wani rafi, ta fara tasowa a zamanin Gezo, Faransawa suka ƙwallafa rai a kanta, rikicin mallakarta kuma na cikin abin da ya haddasa yaƙin da ya kai ga faɗuwar Abome a 1892. A cikin rundunar da Faransa ta yi yaƙin da ita akwai bataliyar da suka kira ta Hausawa, kamar yadda Ingilishi suka yi a Legas da Gwalkwas, ko da yake a bakin Turawan lokacin duk Musulmin da ya fito daga arewa yana jin Hausa Bahaushe ne. A shekarar nan ta 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, fatake suka bazu neman wasu kasuwanni, goro kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Legas, hanyar da Alhasan Ɗantata ya yi arziki da ita. Daga nan nauyin ciniki ya koma bakin teku. Jirgin ƙasa ya haɗa Kwatano da Faraku a shekarun 1930, aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, ta zama ƙofar kayan Nijar. Unguwar Zango da babban masallacinta a tsakiyar birnin ta cika da Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarabawa Musulmi, daga baya jama'a suka yaɗu gabas ta wajen Seme-Poji, a kan hanyar Porto-Novo da iyakar Nijeriya.

Kalmar zango ma abin dubawa ce. Wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana ya wuce. An kwana shekara fiye da ɗari ba a wuce ba.

Mai sana'ar da ya yada kaya a nan ya tarar da wata duniya. Ƙasar Seme-Poji rairayi ce da fadama, ta kwakwa da rake da tukurwa. Ba nan ne gidan bagaruwa ba, ba na jar akuya ba. Iskar teku ɗauke take da laima, fatar da za ta shekara goma a Katsina tana ƙyalli, a nan in aka rufe ta wata guda a akwati sai ta yi fumfuna. Doki ba ya jure ƙudan tsando na kudu, don haka rabin gwanintar baduku, wato sirdi da linzami da kayan ƙawar hawa, ba ta da mai saye. Rini kuma ya tarar Yarabawa da maƙwabtansu suna da nasu shuɗin daga wani tsiro dabam, talaki, wanda suke kira elu, kuma a wajensu mata ke rini a tukwane, ba maza a rami ba. Saboda haka karofi bai yi ƙaura ba. Abin da ya yi ƙaura shi ne abin da ke shiga jaka: jemammiyar fata da aka sayo daga arewa, da allura, da zare, da zanen da ke cikin kai. Baduku ya koma ga laya da takalmi da jakar hannu da kuben wuƙa, daga baya da matasan zama na fata da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke so. Maɗinki ya ci gaba da fitar da aska biyu da aska takwas da tambari a kan riga, domin limami da ɗan kasuwa a Kwatano da Porto-Novo suna so su fita Idi da shigar da ta nuna su wane ne.

Nisa da gida yana da nasa amfanin, ga wanda ya iya rubutu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salga, ya ƙare rayuwarsa yana limamin Kete-Karachi a 1934, mutumin zango ne na sosai. Ban da waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, ya rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich dogon bayani da ajami a kan ƙasar Hausa: noma da itatuwa da kasuwa da sana'o'i. Da yana zaune a Kano ba lalle ya ga dalilin rubuta yadda ake jima ko saƙa ba, tunda ga su nan a bayan gida. Sai da ya yi nisa abin ya zama abin rubutawa. Yau masu binciken tarihin sana'o'inmu suna komawa ga abin da wannan baƙo ya tuno a bakin kogin Bolta.

Amma abin da ya yiwu ga wanda ya taso a arewa ya gangaro, bai yiwuwa ga jikansa da aka haifa a zango. Ɗauki Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali, wadda ɗaliban Hausa suka daɗe suna karantawa. Daɗinta yana ga wanda ya sha zafin bazara, ya ga rijiya ta ƙafe, ya ga shanu sun rame, ya yi wata bakwai yana duban gabas, sannan ya ji ƙamshin ƙasa a ruwan farko. A Kwatano damina biyu ake yi a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma abin da hadari ke tuna wa mutanen unguwanni da yawa shi ne ambaliya da kwata ta cika. Yaron da ya tashi a nan zai iya haddace waƙar tsaf, kalmomin duk ya san su, amma ƙishin da ya haife ta ba ya jikinsa. Haka kirarin kuka da na gawo da na giginya. Haka karin maganar da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski tana tafiya ko'ina, domin ta mutane ce, amma wadda aka gina a kan hanjin jimina ko inuwar giginya tana bukatar wanda ya taɓa ganin abin.

Babban sauyin dai ba daga iska ko ruwan sama ya zo ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, ba ganye ba rami. Cikin 'yan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, sannu a hankali garin rini na gwangwani ya iso kasuwanninmu. Yadin Manchesta ya biyo jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911. Duk da haka Arewa ta yi yunƙuri irin na zamani, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, dubban mutane suka samu aiki. Domin a kare su, gwamnatin Nijeriya ta yi ta hana shigo da yadi tun daga shekarun 1970. Hanin nan shi ya yi wa Kwatano riga da wando. Kaya su sauka a tasharta da sunan na Benin ne ko na Nijar, sannan su sulale Nijeriya, wasu ta Seme zuwa Legas, wasu su hau arewa ta Faraku da Malanbil da Gaya zuwa Maraɗi, su faɗo Katsina da Kano. Da yadin Sin mai araha ya shigo wannan hanya, masaƙun suka kasa. Ta Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar UNTL ta bi ta a 2007. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya wahalar da mutanen Seme da na Zango ƙwarai, amma bai tayar da masaƙa ko ɗaya ba.

In mai karatu ya ɗora wannan hanya a kan taswira, zai ga kusan ita ce ta fatake, an juya ta ne kawai. Da turkuɗin Kura ke gangarowa, daga baya bandir-bandir suka riƙa hawa zuwa Kantin Kwari. Kuma su wa ke ɗauke da kayan? Mu ne. Jikokin madugai ne, da wayar hannu a maimakon jagaba. Ba na faɗin haka don zargi. Bafatake bai taɓa rantsuwa da turkuɗi ba, da riba ya yi alkawari, talaka kuma da ke da 'ya'ya takwas ga Salla ta matso ba za a ce masa ya jira masaƙi ba. Sai dai yana da kyau mu san cewa lokacin da muke kukan Ƙofar Mata ta koma wurin ɗaukar hoto, ramuka da yawa sun bushe, ba wasu baƙi ne kaɗai suka yi mana ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda zanen ya tsira ya bar mai zanen. Ana buga kamannin saƙi a kan yadin roba. Keken surfani, yanzu ma har mai kwamfuta, yana fitar da aska takwas cikin sa'o'i kaɗan, aikin da hannu ke yin watanni a kansa. Fatun akuyoyinmu kuwa manyan majemun Kano na Challawa da Sharaɗa ke jeme su da sinadari su tura Italiya da Sifen, su dawo mana a matsayin takalmin da ba ma iya saye. Ba a rasa masu riƙe da igiyar ba. A birnin Zariya mata sun karɓi ɗinkin hannu na manyan riguna, wanda da aikin maza ne, har wasunsu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina a 1994. Hular hannu ma ta ƙi mutuwa, domin har yau mai ido yana bambanta ta da ta inji tun daga nesa, kuma ɗan Zango in zai yi aure ita yake nema.

Dajin ma kansa bai gama tafiya ba. A jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen itatuwa su toho a gona maimakon a sassabe su ƙurmus, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo da kalgo da sabara da bagaruwa sun dawo a miliyoyin kadada tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ga jar akuya, ga bagaruwa, a wuri ɗaya kamar da. Majemin gargajiyar da zai haɗa su ne ya yi ƙaranci.

Bagaruwa dai har yanzu tana gangarowa kudu a cikin motocin albasa da na dabbobi. Za ka same ta a kasuwannin bakin teku, a layin masu sayar da saiwoyi da sassaƙe, an kasa ta ƙananan kashi kusa da kanwa da kimba. Yarabawa na kiranta booni. Masu jego ke saye, da masu ciwon haƙori.